Karfasa a akwatin gilashi: Kifayen gida da za su iya zama da ita, da waɗanda za su cinye juna

A Tibiri ta jihar Dosso, wadda ake kira Tibirin Dutsi don a bambanta ta da Tibirin Gobir ta Maraɗi, kifi abin tukunya ne. Karfasa a soya ta, tarwaɗa a yi bandarta, ƙurungu kuwa ana saye ana mita saboda ƙayarsa. Ba garin da za a fara tunawa ba ne idan ana maganar kiwon kifin ado a cikin akwatin gilashi.

Sai dai ɗan Arewa da ya shiga shagon sayar da kifin ado a Faransa ko Jamus ko Amurka zai iya yin kiciɓis da abin da zai ba shi dariya. Ga ƙurungu nan yana iyo a gilashi, an manna masa sunan Latin. Ga gwando, wanda masunta kan jefar gefe, an ba shi akwati nasa shi kaɗai. Kifin da aka yi wa kuɗi yuro 10 ya haura sefa 6,500, kuma ba ci za a yi ba, kallo kawai.

Tambayar da ta fi damun masu wannan sha'awa ita ce wane kifi za a haɗa da dangin karfasa a akwati ɗaya ba tare da an wayi gari an tarar da gawa ba. Amsar mafi sauƙi tana cikin ruwayen da suka taso tare: Kogin Kwara, Gulbin Kabi da tafkunan da ke tsakaninsu. Yawancin abin da littattafan kiwon kifin ado ke koyarwa kan wannan batu, masuntan yankin sun daɗe da saninsa ta wata fuskar.

Karfasa da danginta

Karfasa, ko gargaza kamar yadda wasu ke kiranta, tana cikin wani babban dangi da masana ke kira siklid. An tantance nau'o'insu fiye da 1,600, kuma mafi yawansu a Afirka suke. Tafkin Malawi kaɗai na da ɗaruruwa, haka Tanganyika da Victoria. Su ne masu launin shuɗi da rawaya da ja da ke cika shagunan Turai.

Abin da ya haɗa dangin shi ne hali. Siklid kifi ne mai mallakar fili. Namiji kan zaɓi wuri, ya haƙa rami a yashi ko ya kama gindin dutse, duk wanda ya gifta ya sha cizo. Suna kuma kula da 'ya'yansu fiye da yawancin kifaye. Macen karfasar Nilu, wadda ita aka fi kiwo a Nijar da Najeriya, tana ɗauke ƙwayayenta a baki har su ƙyanƙyashe, tana azumi duk tsawon lokacin. A gulbi, wanda aka kora yana da wurin gudu. A akwatin da bai wuce tsawon mita ɗaya ba, bango huɗu ne kawai, kuma daga nan matsalar ke farawa.

Wanda ke son ya ajiye karfasar kasuwa a falo ya fara sanin cewa takan wuce santimita 30, tana tone yashi, tana tumɓuke duk ciyawar da aka shuka. Akwai danginta na Afirka ta Yamma da suka fi dacewa da gilashi. Ɗaya ita ce 'yar jar nan mai ɗige-ɗigen shuɗi da ake kira Hemichromis, wadda ba ta cika wuce santimita 12 zuwa 15 ba, amma idan ta yi ƙwai ko hannun mai ita sai ta kai wa hari. Ɗayar kuma ita ce kribensis, daga rafukan kudancin Najeriya da gaɓar Kamaru, mai tsawon kusan santimita 10, wadda macen cikinta ke yin ja idan lokacin aure ya zo. Ita ce mai sauƙin hali a dangin, kuma da ita ya kamata sabon shiga ya fara.

Darasin tafki

Tibiri, wadda ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011 bayan an cire ta daga Dogon Dutsi, tana kwance ne a Dallol Mawri, tsohon kwarin da ruwansa ya daina gudu amma bai yi nisa da ƙasa ba. Da damina tafkuna kan cika a kwarin, wasu su ƙafe da rani, wasu su kai wata daminar. A 2004 aka sanya wani yanki na kwarin cikin jerin wuraren dausayi masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar.

A Nijar an saba zuba irin kifi a tafkunan da ke riƙe ruwa, aikin da jami'an gandun daji ke yi tare da ƙungiyoyin masunta. Karfasa da tarwaɗa ne kan gaba, wani lokaci a haɗa da giwan ruwa ko bargi ko ragon ruwa. Haɗin ba na ganin dama ba ne. Idan aka bar karfasa ita kaɗai, haihuwa take yi ba ƙaƙƙautawa, tun ba ta gama girma ba, har tafkin ya cika da 'yan mitsi-mitsin da ba mai saye. Shi ya sa masu kiwo ke saka mafarauci kaɗan, ya riƙa rage 'ya'yan, sauran su sami abinci su girma. Idan mafaraucin ya yi yawa ko ya fi ƙarfin abokan zamansa, sai a nemi karfasa a rasa.

Wannan lissafin, na girman baki da yawan masu bakin, shi ne dai na akwatin gilashi. Kifi ba ya tambayar sunan maƙwabcinsa. Duk abin da ya shiga bakinsa abinci ne.

An taɓa yin kuskuren wannan lissafi a sikelin da duniya ba ta manta ba. A shekarun 1950, zamanin mulkin Ingila a gabashin Afirka, aka zuba giwan ruwa a Tafkin Victoria don a sami kifin kasuwa. Shi ne kifin da ake alfahari da kamawa a bikin Argungu, can ƙetaren iyaka ba nisa da Tibiri, kuma yakan haura kilo 100. A Gulbin Kabi sauran kifaye sun san shi tun fil azal. A Victoria baƙo ne. Zuwa shekarun 1980 ya mamaye tafkin, kuma masana sun ƙiyasta cewa kimanin nau'o'in siklid 200 daga cikin kusan 500 sun ɓace, ko da yake gurɓacewar ruwa ma ta taka rawa. A kan cinikin wannan kifi Hubert Sauper ya shirya fim ɗinsa na 2004 mai suna Darwin's Nightmare.

Ƙurungu, maƙwabcin da ba a taɓawa

Idan akwai kifin da aka yarda a ko'ina cewa yana iya zama da siklid, ƙurungu ne. Dalilin shi ne ainihin abin da ke sa mata mita a bakin murhu. Yana da ƙaya uku masu ƙarfi, ɗaya a baya, biyu a gefe, kuma idan ya ji barazana sai ya miƙe su ya kulle. Siklid kan gwada sau ɗaya ko biyu ta haƙura. Ban da haka, ba sa haɗa lokaci: ita da rana take mulki, shi sai dare ya fito kiwo, yana tsintar abin da ya faɗi ƙasa.

Nau'in da aka fi samu a shaguna shi ne Synodontis eupterus, mai doguwar tuta a baya, ɗan asalin ruwayen Kwara da Volta da Chadi. Yakan kai santimita 20. Akwai kuma masu iyo a rigingine, ciki sama baya ƙasa. Ƙaramin cikinsu daga Kongo yake, amma akwai babba a Kwara da Nilu wanda har mutanen Masar na da suka zana shi a bangon kaburburansu, a juye kamar yadda yake iyo.

Abin da yake buƙata bai da yawa: wurin ɓuya da abinci bayan an kashe fitila. Fasasshiyar tukunyar ƙasa da aka wanke, aka goge kaifin bakinta, ta fi kogon roba da ake sayarwa a shago. Kada a kama shi da koma, domin ƙayar na sarƙewa, a kamo shi da kwano ko roba. Wanda ya taɓa shan sukarsa ba ya buƙatar ƙarin bayani.

Akwai ƙurungu ɗaya da ya kamata a yi hattara da shi, kuma labarinsa ya fi na kowa ban mamaki. A Tafkin Tanganyika akwai Synodontis multipunctatus, wanda ba ya renon 'ya'yansa. Yakan jira siklid masu ɗaukar ƙwai a baki su fara aure, sai ya kutsa tsakaninsu, ya cinye wasu ƙwayayen, ya zuba nasa. Uwar, cikin gaggawa, sai ta kwashe duka ta sa a baki. 'Ya'yan ƙurungun su ke fara ƙyanƙyashewa, su cinye 'ya'yanta a cikin bakinta, ita kuwa ta ci gaba da gadin su. Wani masani ɗan Japan, Tetsu Sato, ya bayyana wannan a mujallar Nature a 1986. Kifin kyakkyawa ne, kuma yana zama lafiya da siklid na Malawi da Tanganyika. Amma mai son ya ga 'ya'yan siklid ɗinsa ya san wa ya saukar a gidansa.

Gwando

Gwando shi ne baƙon da ke tsayar da masu shigowa falo. Dogo ne kamar maciji, fatarsa kamar sulke, da jerin ƙananan tutoci a baya. Yana da huhu, yana hawowa sama ya shaƙi iska. A 2014 wasu masu bincike a jami'ar McGill ta Kanada, ƙarƙashin Emily Standen, sun rene shi a wajen ruwa na tsawon watanni a wuri mai laima, suka ga yadda tafiyarsa da ƙasusuwansa suka sauya, a ƙoƙarin fahimtar yadda halittu suka fara fitowa tudu.

Nau'in Senegal, wanda ke ruwayen yankin nan, yakan kai kusan santimita 30 a akwati. Ba mafaɗaci ba ne, idonsa ma ba ya gani sosai, da hanci yake neman abinci. Amma da dare duk kifin da ya yi daidai da bakinsa ya tafi. Saboda haka ba a haɗa shi da kribensis ko ƙananan kifaye. Yana zama da siklid matsakaita waɗanda suka fi ƙarfin haɗiya amma ba su cika cizo ba.

Kuskuren da aka fi yi shi ne haɗa shi da siklid na duwatsun Malawi, waɗanda ake kira mbuna. Suna cizon tutocinsa, suna rigansa ga abinci, sannan cimarsu ba ɗaya ba ce. Shi nama yake ci, su kuwa yawancinsu gansakuka suke kankara a jikin dutse, kuma idan suka yawaita cin nama cikinsu kan kumbura su mutu. Akwatin gwando kuma dole a rufe shi ruf. Ƙaramar kafa ta ishe shi ya fice, a tsince shi da safe a ƙarƙashin kujera.

Saman ruwa fili ne da siklid ba ta cika damuwa da shi ba, kuma a nan ake saka masu yawo a garke, irin dangin kawara. Ƙanana daga cikinsu, shida zuwa takwas, suna da amfani biyu. Suna raba hankalin mafaɗaci, kuma ganinsu suna yawo a sarari yana sa siklid mai tsoro ta fito daga ɓuya. Tare da kribensis ana iya ƙara Pantodon, wani ɗan kifi mai faɗin fiffike kamar malam-buɗe-littafi, wanda ke manne a saman ruwa yana jiran ƙwari. Shi ma daga kudancin Najeriya ake samunsa, kuma gwanin tsalle ne.

Waɗanda ake bari su kaɗai

Wasu kifayen gida sha'awarsu a ido ce kawai. Minjirya na iya sakin lantarkin da ya haura bolt 300, ba ta da abokin zama. Talibambam, mai kumbura ciki, yakan wuce santimita 40 kuma haƙoransa na yanke naman duk wanda aka haɗa shi da shi. Gaiwa, wadda ke binne kanta a laka ta jira damina, cizo gare ta. Tsage ba sai an faɗa ba. Tarwaɗa da bargi kuwa ana sayensu kamar yatsa, su doshi mita ɗaya, kuma tarwaɗa za ta share akwatin tun kafin ta kai rabin haka.

Akwai kuma wanda matsalarsa rauni ce. Kifin nan mai dogon leɓe kamar haurin giwa, Gnathonemus petersii, da ake fitarwa daga Najeriya zuwa shagunan duniya, yana gane hanyarsa ne da ɗan raunin lantarki, yana son duhu da natsuwa. A tsakiyar siklid masu faɗa yunwa ke kashe shi a hankali, mai shi bai ma lura ba.

Ruwa, zafi da wuta

Hausawa na cewa kifin fadama ba ya gasa da na gulbi, kuma a wannan fanni maganar ta wuce karin magana. Ruwan Malawi da na Tanganyika mai nauyi ne, ma'aunin pH ɗinsa daga kusan 7.8 har zuwa 9. Kifayen kogunan Afirka ta Yamma sun fi sabawa da ruwan da ke kusa da 7. Ƙurungu na jure duka biyun, shi ya sa ake ganinsa a ko'ina. Pantodon da mai haurin giwa ba sa jurewa. Ruwan rijiya a Dallol kuwa ya bambanta daga wuri zuwa wuri. Can kudu, wajen Dallol Foga, har gishiri ake dafawa daga ƙasar. Gara a auna ruwan da ake da shi a zaɓi kifin da ya dace da shi, maimakon a sayi kifi sannan a shiga neman magungunan gyaran ruwa. Ruwan famfo kuma yana da kulorin, sai an bar shi ya kwana ko an sa maganin kashe shi.

Duk waɗannan kifaye sun fi jin daɗi tsakanin digiri 24 da 28. Ɗan ci-rani a Turai hita zai saya. Na gida matsalarsa akasin haka ce. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40 a Arewa, kuma ruwa mai zafi ba ya riƙe iskar oksijin sosai. Akwatin ya nisanci taga da inda rana ke bugawa, a sa fanka ta riƙa kaɗa saman ruwan, a rage yawan kifin. Da hunturu kuma ƙaramin akwati na yin sanyi cikin dare ɗaya, sai a ga karfasa ta daina cin abinci.

Sai batun wuta. Mazauna Dosso da Yamai ba su manta da watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta katse lantarkin da take ba Nijar bayan juyin mulki, har zuwa Maris na 2024. Idan matatar ruwa da famfon iska suka tsaya na sa'o'i a lokacin zafi, siklid ce ke fara hawowa sama tana haki. Gwando da ke shaƙar iska zai iya ganin gari ya waye. Ƙaramin famfon iska mai batir ko mai aiki da hasken rana ya fi kowane kifi a akwatin muhimmanci, kuma shi ya kamata a fara saye.

Yadda ake haɗa su

Akwatin da bai kai lita 200 ba, mai tsawon kusan santimita 120, ba wurin haɗa siklid da baƙi ba ne. Ruwan kaɗai kilo 200 ne, ban da yashi da duwatsu, don haka teburin ya zama mai ƙwari. Sabon akwati na buƙatar mako huɗu zuwa shida kafin ƙwayoyin halittar da ke narkar da amoniya daga kashin kifi su zauna a matata. Wanda ya cika shi da kifi a ranar farko, yawanci ba faɗa ne ke kashe masa su ba, guba ce.

Masu sauƙin hali ake fara sakawa, siklid ta zo a ƙarshe, don kada ta ɗauki akwatin duka a matsayin gadon gidansu. Idan dole sai an ƙara baƙo daga baya, a sauya wa duwatsu da tukwane wuri, a kashe fitila, kowa ya tashi a matsayin sabon zuwa. A jera kayan yadda za su tare ido, domin siklid ba ta bin wanda ba ta gani. Sabon kifi, musamman wanda aka kamo daga tafki ko gulbi, a ajiye shi dabam na mako biyu zuwa huɗu a ga ko yana ɗauke da cuta. Ko an yi duk wannan, zo mu zauna zo mu saɓa ce: ma'auratan da suka yi wata shida lafiya da kowa na iya juyewa ranar da suka yi ƙwai. Bokiti ko ƙaramin akwatin ko-ta-kwana na ceton rai a irin wannan rana.

Ga 'yan ci-rani akwai kuma doka. Shiga Tarayyar Turai da kifi mai rai a jaka yana da nasa ƙa'idojin. Amurka ta haramta shigo da duk dangin tarwaɗa da rai sai da izini na musamman, bayan wata 'yar uwarta daga Asiya ta kuɓuce a Florida a shekarun 1960 ta bazu. A jihar Queensland ta Ostireliya mallakar karfasa ma laifi ne. A gida kuma, kifin shago da aka gaji da shi ba a kai shi tafki. Tafkunan Dallol abincin mutane ne, kuma ba wanda zai iya tsamo baƙon kifi bayan ya hayayyafa.

Wanda ke son ya ga ruwan Afirka ta Yamma a falonsa, ko a Yamai yake ko a Brussels, zai iya farawa da lita 200, yashin gulbi da aka wanke, tukwanen ƙasa biyu ko uku, garken ƙananan kawara guda takwas, ƙananan ƙurungu masu iyo a rigingine guda huɗu, sai kribensis mace da namiji a saka su bayan mako biyu. Idan macen ta shige tukunya ta daina fitowa, namijin kuma ya tsaya a bakin ƙofa yana korar kowa, to ƙwai ne a ciki. Bayan kamar mako guda za ta fito da 'ya'yan a bayanta.